Sai Motar Farko Ta Shigo

Tambayar farko da shugaban asibitin ya yi mini ba ta shafi allura ko awon ciki ba. Ya ɗago kai daga takarduna ya ce me zai riƙa kawo ni daga Batsari kowace safiya. Na ce mota. Ya ce motar wa? Na ce ta haya. Sai ya yi ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa yaro idan ya ce gwamna zai zama, ya ce to ba laifi, in fara zuwa a matsayin 'yar sa-kai, ba albashi, idan gurbi ya samu za a duba. A ranar ban ji haushi ba, don ban gane abin da murmushin yake nufi ba. Na fito ina ta zuba godiya har da russunawa.

Ƙaramin asibiti ne a Safana, ɗakin awo da ɗakin haihuwa da wata baranda da mata ke jeruwa a ciki. Shugaban kowa Incaj yake ce masa, har matar da ke shara. Ni kuwa na yi karatun kiwon lafiya tun kafin in yi aure, takardar ta daɗe kwance a ƙasan akwati tare da zannuwan da ba a ɗaurawa sai da biki.

Mu mutanen Yasore ne. Mun taso mun dawo cikin Batsari lokacin da kwana a ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga. Maigidana ya baro gonarsa ta gero da gyaɗa, babur ɗinsa kuma an tafi da shi rana ɗaya da shanun maƙwabcinmu. Mutumin da ke cika rumbu ya koma dako a kasuwa, shi ma sai ranar da aka samu. Ga yara biyu, ga Innata da ɓarin jikinta na dama ya shanye, wadda ba ta yarda kowa ya juya ta ko ya yi mata wanka sai ni. Duk gidan idonsu yana kan abu ɗaya, wato ranar da za a ce an ɗauke ni aiki. Inna ba ta ma cewa idan an ɗauke ki, sai dai ta ce ranar da aka ɗauke ki, kamar an riga an sa hannu. Ni ma da haka nake kwana, da haka nake tashi.

Wanda bai taɓa zaman tashar Batsari da sassafe a waɗannan shekarun ba, ba zai gane abin da ke makarar da mu ba. Mutanen ofis suna tsammanin jiran mota ta cika ne kawai. Wallahi cikar mota ita ce mafi sauƙi. Sau da yawa mota ta cika maƙil, biyu a gaba, huɗu a baya, wani ma a but, amma direba yana can gindin mai shayi yana busa kofi. Ba zai tayar ba sai an ga motar farko ta shigo daga wajen Safana. Shigowarta ke nuna hanya lafiya, ba a tare ba. Mai babur ɗinsa ko motarsa yakan yi bismillah ya kama hanya lokacin da ya ga dama, ransa ne, shi ya san yadda zai yi da shi. Motar haya kuwa ita ake haƙo, don a nan ake samun mutane da yawa wuri ɗaya. Ban taɓa ganin laifin direbobin a kan tsoro ba, ni ma tsoron nake ji.

Motar farkon nan kusan kullum ɗaya ce. Wani tsoho ne mutumin Safana mai a-kori-kura, wadda aka yi ta fenti da faci har ba a san launinta na asali ba. Burodi yake kawo wa masu shayi da 'yan tireda, da an sallame sallar asuba yake fitowa. Kowa Baba yake ce masa. Da hancin motarsa ya leƙo, sai ka ga tasha ta farfaɗo. Ba wanda ke tambayarsa yaya hanya kai tsaye. Sai dai su ce, Baba an shigo lafiya? Ya ce lahiya lau, ya shiga sauke kwandunansa. Kafin ya gama, motoci sun fara tashi. Direbobin Safana su kuma sai sun ga motocin Batsari sun iso sannan su fito.

Ba wanda ya taɓa gaya wa Baba cewa shi ake jira. Wa zai buɗe baki ya faɗa? Ƙarti majiya ƙarfi, wasu sa'annin 'ya'yansa, su tsaya gaban dattijo su ce kullum kai muke turawa gaba mu ga ko za a ɗauke ka? Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, har da mu fasinjoji.

Ga shi kuma fita daga tasha ba shi ne isa ba. Akwai shingen masu tsaro a hanya. Motar gida takan rage gudu, a sauke gilashi, a gaisa, a ɗaga mata hannu. Mu kuwa sai an sauke mu kaf, mu taka da ƙafa mu wuce shingen, motar ta biyo mu a baya. A buɗe jakunkuna, a dubi fuskoki. Farin kayan aikina a leda nake sa su, don in na sa su daga gida kafin in isa sun sha manja da gashin akuya. An sha zaro su a ɗaga sama a gaban maza, a tambaye ni ko da gaske nawa ne. Wata rana wani ya ce in da gaske ni ma'aikaciyar asibiti ce, me nake yi a cikin wannan motar? Na karɓi ledata na wuce.

Ina isa asibiti Incaj zai ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya dube ni, ya mayar da kai. Da ma zagi ne da ya fi mini sauƙi. Na sha yi masa bayani, yakan ce ya sani, ya sani, ai ba laifina ba ne. Amma in zance ya zo sai ya ce mutanen tasha ba su da lokaci, mutanen tasha ba a dogara da su. Ni da na tashi tun kafin kiran sallah, na wanke Inna, na dama koko, na riga 'yan kamasho zuwa tasha, ni ce ba ni da lokaci.

Akwai wani abin da ya fi damunsa ma. Yawancin matan da nake yi wa awo tare muke zuwa a mota. Wata ta ɗora mini goyonta a cinya, wata na riƙe mata kaza har aka sauka. In na canza kaya na fito, sai wata ta ce, af, ashe ke ce malamar, ta ja ni da hira kamar a gidan suna. Ni ban ga aibu ba. Saboda wannan sabon ne ma suke gaya mini abin da ba sa gaya wa kowa, irin jinin da aka gani aka ɓoye, da jiƙon da uwar miji ta ba su. Incaj ya ce ma'aikaci yana buƙatar kwarjini, kuma mara lafiya ba ya ganin girman wanda suka matsu tare a kujera ɗaya.

Bayan na daɗe ina zuwa aka kawo wata 'yar sa-kai ta biyu. Ita ma a Batsari take zaune, amma mijinta yana aiki a Safana kuma yana da mota, shi ke kawo ta. Ba zan yi mata ƙarya ba, yarinya ce mai kirki, hannunta kuma ba laifi. Sai dai ita ba ta taɓa makara ba, kayanta fari tas daga gida, ga ƙamshi. Sau ɗaya ta sa mijin ya rage mini hanya. Tun daga Batsari har Safana gilashinsa a sauke yake, alhali ana yayyafi. Washegari ta ce mini, cikin jin nauyi, wai ya ce ba ya son tsayawa kusa da tasha, don ba a san idon wa ke kan wa ba, a cikin masu zaman tasha ake samun masu kai rahoto daji. Na ce mata ba komai. A raina kuwa na ce, mu da aka kora daga gidajenmu, yau mu ne abin zargi don ba mu da taya huɗu.

A shekarar da aka katse layin waya a yankinmu abin ya ƙara tsanani. Da can direba yakan kira ɗan'uwansa a can ɓangaren ya ji labari, ko da ba a cika yarda da waya kamar yadda aka yarda da ganin ido ba. Da waya ta mutu, sai ya zama daga Allah sai motar Baba. Ƙarshen damina ne kuma, gero ya yi tsawo ya rufe gefen hanya, mutum zai iya tsayawa a ciki da babur ɗinsa ba a gan shi ba.

A cikin wannan halin Incaj ya tara mu ya ce manya za su zo daga Katsina cikin makon, su ga 'yan sa-kai da idonsu. Gurbi ɗaya aka ba asibitinmu. Bai san ranar ba, ba kuma waya balle a tambaya. Ya ce duk wadda aka zo ba ta nan, ita ta jiyo. Da ya faɗi haka ni ya duba.

Na koma gida na roƙi maƙwabciyarmu ta kula mini da Inna, na ɗauko zane da buta na tare a asibitin. A ɗakin awo nake kwana, kan gadon da ake auna ciki. Litinin ta wuce ba su zo ba, Talata ma haka. Ranar Laraba da rana wani direba ya kawo mini saƙon maigidana, ya ce Inna ta ƙi cin abinci, ta ƙi yarda a taɓa ta, bayanta ya fara salewa. Na je wurin Incaj na gaya masa. Ya ce ai ni ke da uwa, ni ke da shawara. Na ce zan je in dawo da motar farko. Ya ce Allah ya sa.

Na tarar da Inna yadda aka faɗa, har ma ya fi. Na wanke ta, na shafa mata magani, na ba ta kunu a baki tana harara ta kamar ni ce na yi mata laifi. Da ta ƙoshi sai ta ce in koma kada a zo ba na nan. Na ce sai da safe, Inna, yanzu ba mota.

Ranar Alhamis ina cikin waɗanda suka fara isa tasha. Na samu wuri a kujerar bayan wata mota Golf, jikin ƙofa, na rungume ledata. Gari ya waye sosai, masu shayi suka fara leƙen hanya, don burodinsu na jiya ya ƙare. Ina zaune na hango motar mijin abokiyar aikina ta taho. Ban san lokacin da na fito na tsaya bakin titi ina ɗaga hannu ba, ni da na yi rantsuwa ba zan sake roƙonsa ba. Ya wuce. Na ga ta juyo ta dube ni ta gilashin baya, sannan ta sunkuyar da kai.

Na koma na zauna ina ce wa kaina yanzu Baba zai shigo. Rana ta ɗaga, Baba shiru. Direbobi suka daina hira suka koma tsaye cirko-cirko, kowa fuskarsa na kallon hanyar Safana. Masu babur ɗinsu ɗaya-biyu sun fita, amma ba wanda ya shigo, wannan kuwa ƙara tsorata mutane ya yi. Na je wurin 'yan acaɓa, na ce ko wane ne ya kai ni, abin da ya ce zan nemo in ba shi. Suka ce Malama ki yi haƙuri, sai mun ga mota.

Wajen hantsi wata Bafulatana mai tallan nono ta iso da ƙwaryarta a ka, daga wannan hanyar ta fito. Na tare ta na tambaye ta. Ta ce ita dai tun daga rugarsu bakin titi ta biyo, ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba. Na ja hannunta har gaban direbobi na ce ta maimaita. Ta maimaita. Suka dube ta sama da ƙasa, wani ya ce ai dama haka za ta ce. Matar ta janye hannunta daga nawa, ta gyara ƙwaryarta ta yi gaba, ba ta ko tsaya sayar da nonon a tashar ba.

Daga nan sai labari ya fara haihuwa. Wani ya ce ƙanen matarsa ya ji ƙarar bindiga da asuba. Wani ya ce an ga hayaƙi. Kafin a jima an tare Baba, an ƙone motar, an shiga da shi daji, wasu ma sun ce ai ya yi gardama an harbe shi. Mutane suna ta salati, wani mai shayi har da hawaye. Na yi wa Baba addu'a da gaske, amma rabin zuciyata tana Safana, tana kallon wata mota mai lambar gwamnati tana tsayawa a ƙofar asibiti. Na shiga lissafin abin da zan ce wa Inna, da yaran da na yi wa alkawarin makarantar kirki, da mutumin da ke dawowa da yamma kafaɗarsa duk ta kumbura da buhun wasu.

Ban san yadda aka yi na tsinci kaina a tsakiyar tasha ina magana da ƙarfi ba. Ni ba mai ɗaga murya gaban maza ba ce, amma ranar kunya ta bar ni. Na ce musu tun da nake zuwa tashar nan ban taɓa ganin ɗayansu ya fita kafin tsohon nan ba. Na ce in an ɗauke shi to su suka miƙa shi, kullum su ke miƙa shi, yau ne kawai aka karɓa. Na ce in ba namijin da zai tayar da mota, ni zan kama hanya da ƙafa, in an ɗauke ni su gaya wa uwata a tasha suka bar ni na tafi. Kuka ya ci ƙarfina, na ɗauki ledata na nufi titi.

Ban yi nisa ba na ji mota a bayana. Direban Golf ɗin ne, wanda na taɓa yi wa matarsa awo. Ya miƙo hannu ya buɗe ƙofar gaba.

"Shigo, Malama. In mutuwar ce ma, a ce a hanya ta same mu."

Fasinjojinsa rabi sun sauka, saura wani dattijo da mata biyu da suka ce su ma sun gaji. Kowa a motar sai addu'a yake ƙasa-ƙasa. Ni kaɗai ce a gaba, karo na farko a rayuwata, amma ban ji daɗin faɗin kujerar ba. Idona na kan geron nan, duk inda ya motsa sai numfashina ya tsaya. Muka yi ta tafiya. Ba hayaƙi, ba ƙonanniyar mota, ba ko takalmin da wani ya yar. Wasu mata ma na gani suna tsinkar rama a bakin gona hankalinsu kwance.

A shinge masu tsaro suka tare mu da tambaya, wai me ya faru a Batsari yau ba motar haya ko ɗaya? Direba ya ce mu ma abin da muka zo tambaya ke nan. Duk da haka sai da aka sauke mu muka taka da ƙafa, aka buɗe ledata.

Ana kiran azahar muka shiga Safana. Tasha ta taso mana gaba ɗaya, ana ta tambayar hanya, kafin direba ya rufe baki motoci sun fara tashi. Su ma tun safe suke zaune suna jiran a shigo daga Batsari. Ban tsaya jin sauran ba, na kama hanyar asibiti ina haɗawa da gudu, mayafina na zamewa.

Abin da na fara gani a ƙofar asibitin shi ne a-kori-kurar Baba, lafiyarta lau, a ƙarƙashin darbejiya. Shi kuma yana zaune a inuwarta a kan buhu, yana jan carbi. Ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta washe.

"Malama, yau kin makara. Ɗiyata tun da asuba take tambayar ki."

Na tsaya ina kallonsa kamar na ga wanda ya dawo daga lahira, don a Batsari an riga an gama da shi. Ashe naƙuda ce ta kama 'yarsa cikin dare, haihuwar fari, ya ɗauko ta da asuba ya kawo ta, ya ce ba inda za shi sai ya ji kukan jariri. Ta sauka lafiya, an samu namiji. Na ce masa barka, ban ma san da wace murya na faɗa ba, na wuce ciki.

Barandar ba kowa sai matar da ke shara. Incaj yana ofishinsa. Wannan karon bai dubi agogo ba, kujera ya nuna mini, a nan na san an gama. Ya ce sun zo da hantsi, ba su daɗe ba. Sun ga abokiyar aikina a ɗakin haihuwa da kayan aiki a jikinta, sun yaba. Na ce ba su tambayi ɗayar ba? Ya ce sun tambaya.

"Me ka ce musu, ranka ya daɗe?"

"Gaskiya na faɗa. Na ce kin fi daɗewa, kuma kin iya aiki. Suka ce to ina kike? Na ce motar haya kike bi."

Ya ce da ya faɗi haka ba su ƙara tambayar komai ba, sai suka gyaɗa kai. Na ce ya gaya musu a nan na kwana tun Litinin? Ya ce zancen bai kai nan ba. Na roƙe shi. Ban taɓa roƙon ɗan Adam kamar yadda na roƙi mutumin nan ba, har gwiwata ta kai ƙasa. Na ce ya rubuta musu, ya aika, ya bar ni in bi su Katsina. Ya ce in tashi, ba kyau. Ya ce an riga an rufe maganar, kuma sun ba da umarni a sallami 'yan sa-kai tunda an cike gurbi. Da zan fita ya ƙara da shawara, tsakaninsa da Allah yake ganin taimako ne, wai in yi ƙoƙari maigidana ya samu ko ɗan babur ne, don gaba.

Abokiyar aikina ta biyo ni baranda tana kuka, tana cewa wallahi ta ce masa ya tsaya. Na ce na sani. Na yi mata murna, don ba ita ta yi mini ba, amma ban iya duban idonta ba.

Baba yana nan inda na bar shi. Ya ga fuskata ya ce lafiya? Ya ce ko hanya ce ba kyau, me ya tsare ni haka? Na so in yi shiru kamar yadda kowa ke yi, amma ba sauran abin da zan adana.

"Baba, kai muke jira."

"Ni? A kan mi?"

Na gaya masa duka. Yadda ba motar da ke barin Batsari sai tasa ta shigo, yadda gaisuwar da ake yi masa ba gaisuwa ba ce kawai, yadda yau aka yi zaman makokinsa a gindin mai shayi. Ya saurara bai katse ni ba. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Tun yaushe?"

"Kullum, Baba."

Ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar. Ya ce shi duk zatonsa sammako ne kawai ya fi su. Can kuma ya tambaye ni ko jiran nasa ya jawo mini wani abu. Na ce a'a. Bai yarda ba, amma bai matsa ba. Shi ya mayar da ni Batsari da la'asar, motar ba burodi ba fasinja.

A gida Inna ta tambaye ni da rabin bakinta ko sun zo. Na ce sun zo. Ta ce sun gan ki? Na juya ina gyara mata matashi, na ce sai dai a jira sakamako. Ta ce alhamdu lillahi, ta ci tuwonta har da neman ƙari. Maigidana ya dube ni ya daɗe, bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Washegari ita ta tashe ni, tana bubbuga gado da hannunta mai lafiya, wai in yi sauri kada in makara yanzu da abu ya zo kusa. Na wanke ta, na dama koko, na ninke fararen kayana na sa a leda, na fita.

Baba ya shigo a kan lokacinsa. Aka yi masa caa da barka da arziki, ana an shigo lafiya, an shigo lafiya. Bai ce lahiya lau ba. Ya sauke kwandunansa ɗaya bayan ɗaya, bai dubi kowa ba. Motoci dai suka tashi, tunda ganinsa ake buƙata ba amsarsa ba.

Direban Golf ya hango ni ya taho da fara'a. Ya ce tun jiya ake zancena a tasha, ya hana kowa kujerar gaba, daga yau tawa ce ni kaɗai. Ya riƙe mini ƙofa a buɗe.

"Bismillah, Malama, kada ki makara."

Na ce masa ya sa wani, yau ba ni da tafiya. Ya yi dariya yana zaton wasa nake, sai da ya dubi fuskata. Ya rufe ƙofar a hankali, ɗan kamasho ya tura mutum biyu suka cike wurin.

Motocin suka fita ɗaya bayan ɗaya har tasha ta yi fayau, saura masu shayi da awaki. Gida ba ya komuwa yanzu, Inna ta san lokacin da nake dawowa. Na samu gefen bencin 'yan kamasho na zauna, na ɗora ledar a cinyata, ina jiran lokacin tashi daga aiki ya yi.